Littattafan Garejin Usaini

Soundview, Bronx
12 ga Agusta

Yaya Abdul-Karim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baban Humaira, ya sa sadakar arba'in da aka yi jiya ta isa gare shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali muna gari ɗaya. To ya zan yi? Ni ina takaba, ba fita. Kai kuma shekarun da ka yi kana lodin kaya a gindin jirage a JFK sun tafi da kunnenka, in na kira ka a waya na ce maka gabas sai ka ce min amin. Adwoa maƙwabciyata tana kula da wata tsohuwa a can wajenku, ita za ta riƙa kai maka tana karɓo min amsa.

Jiya da la'asar, bayan jama'a sun watse, wani Bature ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Humaira ce ta buɗe, ni ina bayan labule. Ƙato ne mai furfura, fatar wuyansa gefe guda duk a tattare, ka san dai tabon wuta. Ya ce sunansa Ray, direban tseren mota ne a filin nan na New Jersey inda ƙaninka ya ƙarar da Asabar ɗinsa duka. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, kafin ya ce komai sai kuka. Wallahi, Yaya, ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin wannan ba, har Humaira ta rasa yadda za ta yi ta miƙo masa kujera.

Da ya samu bakin magana ya ce a da, in mota ta kife a filinsu, fetur ne yake kwarara a kan direba, wuta ta kama kafin a ciro shi. Haka ya samu tabon nan, haka kuma ƙaninsa ya rasu a gaban idonsa. Sai Sonny, haka suke kiran Baban Humaira, ya ƙera wani ɗan abu da ake sa wa a bakin tanki, in mota ta juya ya toshe man. Ya ce shi kansa ya sake kifewa sau biyu ya fito da ƙafarsa, kuma ya san mutum goma sha ɗaya da suke yawo a duniya yau albarkacin abin nan.

Ga inda maganar take. Ranar sha tara ga Oktoba, a tseren ƙarshe na bana, za a buɗe wani bango a ƙofar filin, a sassaƙa sunayen waɗanda suka kawo sabon abu a harkar. Abin da ƙaninka ya ƙera kuwa da sunan maigidansa marigayi Petrillo aka san shi, 'ya'yan mutumin kuma sun ce dabarar ubansu ce, Sonny ɗan aiki ne kawai. Ka ji fa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ray ya ce ƙarya ne, ya ce kowa a filin ya sha ganin Sonny da littattafansa yana rubutu daga dama zuwa hagu. In aka kai wa kwamitin da ke zaɓen sunayen littattafan nan kafin ƙarshen Satumba, aka samu mai fassarawa, sunansa za a sa.

Yaya, shekara ashirin da bakwai ina auren mutumin nan ban taɓa taka filin ba. Wasan yara nake ce masa. In ya dawo da jar ƙasa har cikin kunne sai in ce, «Sannu da hidima, injiniyan ƙura.» Ya yi dariya ya wuce banɗaki. Ko sau ɗaya bai ce min ya ceci ran wani ba, ni kuma ko sau ɗaya ban tambaya ba.

Ina so a sa sunansa na gaskiya a bangon nan: Usaini Ɗanjuma. Ka ga yau na rubuta shi, ni da ban taɓa kiransa a gabansa ba. Kai ka kwashe garejinsa na Hunts Point. Don Allah ka ba Adwoa littattafan, ko ka faɗi ranar da Humaira za ta zo ta ɗauka kafin ta koma Ohio wajen mijinta.

Ka gaida Hajiya da yara. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Sa'a

*

Park Hill, Staten Island
16 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Halima Sa'adiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau biyu. Haƙuri ya zama dole. Allah ya jiƙan Usaini, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu guzurin tarar da shi.

Labarin Baturen nan bai ba ni mamaki ba. Usaini tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Mahaifinmu yana ƙira a Ƙofar Ruwa, mu muna zuga, shi kuwa yana can bayan rumfa ya kwance keken baƙo ya baje a ƙasa, wai yana so ya ga abin da ke sa shi tsayawa. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Yana shekara goma sha ɗaya ya ƙera motar gwangwani mai burki, burkin yana kamawa da gaske. Tsohonmu ya juya ta ya sake juyawa, ya sa ta a aljihu ya tafi da ita kasuwa yana nuna wa abokansa.

Ni na kawo shi ƙasar nan. Na samo masa tasi, na ce ya riƙa bin layi a filin jirgi kamar kowa. In na fito hutun rana sai in tarar layinsa ya wuce, shi yana kwance ƙarƙashin motar wani yana gyara. Wata Asabar ya ɗauki fasinja zuwa filin tseren nan, bai dawo ba sai washegari. Daga ranar ya zama rabinsa namu, rabinsa nasu. Kada ki ɗora wa kanki laifi ke kaɗai, ni ma na sha ce masa mutum mai iyali ba ya bin motocin da suke zagaye wuri ɗaya ba sa zuwa ko'ina.

Amma Sa'adiya, ki saurare ni. Mene ne bango? Dutse ne, wata rana za a rushe shi a gina kanti a wurin. In gaskiya ne ya zama sanadin tsirar rai goma sha ɗaya, to an rubuta masa a inda 'ya'yan Petrillo ba su da hannun gogewa. Abin da yake buƙata a wajenki yanzu addu'a ce da sadaka. Ke kuma kina cikin takaba, bai dace hankalinki ya tafi wajen rigima da Turawa da kwamitinsu ba.

Kayan aikinsa suna wajen Yussif, abokinsa ɗan Kumasi mai motar ɗaukar kaya, a kulle, har ranar da za a raba gado. Maganar littattafai kuwa ki bar ta tukuna. Suna inda ƙazanta ba za ta taɓa su ba.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. In kin gama karanta wannan ki adana ta, kada ta shiga shara, akwai sunan Allah a ciki.

Wassalam.
Yayanki,
Abdul-Karim Ɗanjuma

*

Soundview
21 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da wa'azi, Allah ya saka. Addu'a ina yi, sadaka ina bayarwa, abinci ma ka ce wa Hajiya ina taɓawa. Amma na tambaye ka hanyar Kano ka nuna min ta Katsina.

Mene ne «inda ƙazanta ba za ta taɓa su ba»? Gidana ƙazanta ce? Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Yussif ya gaya wa Adwoa cewa shi da hannunsa ya ɗora koren akwatin ƙarfe a motarsa, ya hau da shi har hawa na huɗu a gidanka, kuma ka ce masa littattafan marigayi ne. To suna ɗakinka ke nan. Me ya hana ka ce haka kawai?

Ray ya sake kira. 'Ya'yan Petrillo sun kai wa kwamiti wata takardar gwamnati ta mallakar dabarar, ta shekarar dubu biyu da ɗaya, mai sunan ubansu. Ray ya ce shi tun casa'in da bakwai aka ɗaura masa abin a mota, kuma ya ga zanensa a littafin Sonny tun kafin nan. Amma bakinsa shi kaɗai ba ya isa, don kowa ya san ba ya ga maciji da gidan Petrillo. Shafi ɗaya mai kwanan wata ya wadatar. Shafi ɗaya tak!

Ka ce bango dutse ne. Na yarda. Amma mutumin nan ya yi shekara ashirin da shida ana kiransa da sunan da ba uwarsa ta san shi da shi ba, yana amsawa. A waje an ɗauke masa aikinsa, a gida na raina shi. Na wajen ba ni da iko a kansa, na gidan kuma ya wuce, ba zan iya tashinsa in ba shi haƙuri ba. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa, shi ma daga bayan labule. Kada ka hana ni.

Humaira ta ɗaga tafiyarta saboda wannan. Ranar Asabar za ta shigo jirgin ruwa na ƙarfe goma, ta hau bas zuwa wajenka. In akwatin ya yi mata nauyi ta ɗauko na farko-farkon.

Ka yafe min in harshena ya yi kaifi, ka san halina.

Sa'a

*

Park Hill
23 ga Agusta

Sa'adiya,

Bayan sallama. Ki ce wa Humaira kada ta wahalar da kanta gobe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan gaya miki abin da na kasa rubutawa wancan karon.

Littattafan babu su.

Mai garejin ya ba mu kwana goma mu kwashe, ya ajiye mana babban kwandon shara a bakin ƙofa. Da na buɗe koren akwatin na tarar da littafi goma sha huɗu, duk da ajami, irin hannun da muka koya a makarantar Malam Na'ibi. Na san ba addu'o'i ba ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Awon ƙarfe ne da zane-zane da lissafin inji. Amma kowane shafi da bisimilla ya fara. A gefen kowane awo ya rubuta «in Allah ya yarda». Inda abu ya yi, «alhamdu lillahi». Inda ya ƙi, «Allah ya nufa haka». Na yi tunanin in yage wuraren kawai, na ga sai dai in yage littafin duka. Ga su sun jiƙe da baƙin mai, an ajiye su a ƙasa kusa da inda karen mai gadi yake kwana.

Za ki ce me ya hana in kawo miki. Ranar sadakar uku, a gaban Hajiya da matan unguwa, na tambaye ki yadda za a yi da kayan gareji. Kika ce, «Kada a shigo min da ko ƙusa ɗaya daga wurin nan. Wurin da ya cinye min miji da ransa, can kuma zuciyarsa ta tsaya.» Kina kuka kika faɗa, ya kamata in san maganar zafi ce. Ni kuwa na ɗauke ta umarni.

Na kai su ɗakina, suka yi sati biyu a ƙarƙashin gado. Hajiya ta ce warin fetur yana tayar mata da asma. Ni kuma wani abu ne ya hana ni sukuni. Bara da Malam Abdul-Hanan na hawa na biyu ya rasu, da idona na ga takardunsa na karatu a baƙar leda a bakin titi, ruwan sama yana dukansu, jikokinsa ba su san mene ne ba. Shekarata saba'in da huɗu. Na ce in na faɗi gobe haka za a yi da na Usaini, a taka sunan Allah da takalmi, alhakin yana wuyana.

A gida da na ƙona su a bayan ɗaki, ko in haƙa rami. Nan kuwa ina ƙasar haƙawa? Ashana ɗaya za ka ƙyasta ƙararrawa ta tashi, 'yan kwana-kwana su cika gida. Abin da ya rage shi ne ruwa mai gudu. Sai na riƙa ɗaukar biyu-biyu a jakar hannu, kowanne na ɗaure shi da tsohon ƙarfe daga akwatin, in hau jirgin ruwa bayan azahar, in tsaya can baya inda ba mutane. In mun kai tsakiya, ma'aikaci ya juya baya, in yi bisimilla in saki. Sau bakwai na je na dawo. Ranar ƙarshe na sauka raina fes, ina ganin na yi wa ɗan'uwana gata.

Ban san wani zai zo nemansu ba. Ban ma tsaya na tuna cewa gado ne, haƙƙinki ne da na Humaira, ba ni da ikon taɓa su. Tun da takardarki ta farko ta zo nake hawa jirgin nan ina kallon ruwa, kamar zai dawo min da wani abu. Ba ni da abin cewa sai ki yafe min, in kin iya.

Abdul-Karim

*

Soundview
24 ga Satumba

Yaya Abdul-Karim,

Assalamu alaikum. Wata guda ke nan ban amsa maka ba. Na fara takarda huɗu na yayyaga, don abin da ke cikinsu bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayan mijinta ba.

Sau bakwai, Yaya! Da sau ɗaya ne sai in ce shaiɗan ne ya rinjaye ka. Sau bakwai ka hau bas, ka hau jirgi, a cikin tafiya bakwai ɗin nan ko sau ɗaya zuciyarka ba ta ce maka ka ƙarasa Bronx ka sake tambayar matar nan ba? Ranar da na karanta takardarka na yi ihu har Adwoa ta shigo da gudu ba takalmi.

Amma maganar da ka ce na faɗa, na faɗe ta. Hajiya ba ta yi min ƙari ba, kai ma ba ka yi ba. Magana zarar bunu ce. Ni na ɗaure ƙarfen, kai ka saki.

Bari in gaya maka abin da ya fi wannan ciwo. Ray ya roƙi kwamiti su saurare ni a waya, ya ce mata ai shaida ce. Ranar Alhamis suka kira, mutum biyar, Humaira tana gefena tana gyara min Turanci. Shugabarsu mace ce mai ladabi, ta yi min gaisuwar rashi, sannan ta ce tambaya uku kawai za ta yi, amma amsar a kan rantsuwa take. Wace shekara ya fara ƙera abin? A ina ya ƙera na farko? Na gan shi da idona?

Na tuna wani lokaci, Humaira tana goye, da ya mamaye min teburin kicin da gutsattsarin ƙarfe har da mazurarina na manja, ya yi wajen sati yana juya wani abu sama da ƙasa a cikin roba cike da ruwa. Na tattara su a leda na ajiye masa a bakin ƙofa na ce tebur na cin abinci ne. Shi ne abin? Ko famfon maƙwabta yake gyarawa? Wallahi ban sani ba. Ban kalla ba.

Humaira tana zungurina tana raɗa min, «Mama, ki ce casa'in da bakwai kawai.» Na kusa. Amma ina cikin takabarsa in rantse da Allah a kan abin da ban gani ba? Na ce wa matar, mijina mai gaskiya ne, in an ce shi ya yi to shi ya yi, amma ni ban gani ba. Ta ce ta gode da gaskiyata. Jiya Ray ya kira ya ce sun yanke, takardar gwamnati suka bi.

Ban ce na yafe maka ba, ban kuma ce ban yafe ba, zuciyata ba ta hannuna yanzu. Abu ɗaya nake roƙo. Takabata ba za ta ƙare ba sai Nuwamba, Humaira kuma ta koma bakin aiki. Ka je ranar sha tara ga wata. Kada a yi taron nan babu ko mutum ɗaya da ya san sunansa. Ka dawo ka gaya min komai, kada ka rage don ka tausaya min.

Sa'a

*

Park Hill
20 ga Oktoba

Ƙanwata Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Na je, Yussif ya kai ni. Kin ce kada in rage, ba zan rage ba.

Wurin ba wani babba ba ne. Fili ne na jar ƙasa a tsakiyar gonaki, da benci na katako, da mutane masu yara a kafaɗa. Bangon baƙin dutse ne, an lulluɓe shi da ƙyalle. Da aka yaye na matsa na bi sunayen da yatsa, ashirin da biyu ne. Na tara shi ne Petrillo. A ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe an sa «da ma'aikatansa». Iyakar abin da Usaini ya samu ke nan.

Na nemi shugabar kwamitin na tsaya a gabanta da ɗan Turancina na ce, ni ne yayan Sonny, sunansa Usaini Ɗanjuma. Na maimaita mata sau biyu. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta yi magana mai tsawo, ban ji ko kalma ɗaya ba, ta sa aka ba ni hula mai hoton mota. Babban ɗan Petrillo ma ya zo ya rungume ni, idonsa ya yi ja. Yussif ya ce cewa yake Sonny ne ya koya masa riƙon sifana. Na so in ga mugu a fuskarsa in samu wanda zan tsana, ban gani ba. Yaron ya yarda da gaske ubansa ne ya yi.

Kafin tseren ƙarshe Ray da wasu suka fito da motoci suka zagaya filin sau ɗaya a hankali, kowa ya manna SONNY a ƙofarsa da farin tef. Na ƙirga, mota takwas. Jama'a suka miƙe suka cire huluna. Ni ma na miƙe, na karanta masa Ƙulhuwallahu a tsakiyar mutanen da ba su san abin da nake yi ba.

Sannan aka saki tseren. Sa'adiya, ƙarar nan ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta, har haƙorana suna rawa. A zagaye na goma sha wani abu, wata shuɗiyar mota ta taɓa ta gabanta, ta tashi sama a daidai inda muke zaune. Ta juya sau uku ta faɗi a kan rufinta, tayoyi suna ta juyawa a sama. Na ƙura wa gindin motar ido ina jiran wuta. Na jira, na jira. Ba ta kama ba. Sai ga direban ya rarrafo ta taga, ya cire hular kwano, ashe yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Humaira ba. Ta ɗaga hannu, filin ya kaure da tafi.

Na zauna a ƙasa cikin jar ƙasar nan da farar rigata ina kuka, Yussif yana jan hannuna. Wani mutum a gefenmu ya dafa ni yana nuna bangon da yatsa yana murmushi, wai yana nuna min wanda za a gode wa.

Abin da na gani ke nan. Hular tana wajen Adwoa, in ba kya so ki bayar.

Yayanki,
Abdul-Karim

*

Soundview
10 ga Nuwamba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na fita takaba shekaranjiya. Na yafe maka, kai ma ka yafe min.

Humaira tana da ciki, haihuwa sai bayan azumi in Allah ya kai mu. Ta ce min in yaron ya girma ya tambayi abin da kakansa ya yi, me za mu ce masa? Ray ya yi tayin ya zo ya nuna min, na ce ya dakata. Ba na so in koyi mijina a bakin baƙo.

Kai ka buɗe littattafan nan, ka karanta hannunsa, kai ɗan maƙeri ne kamarsa. Ka zana min abin a takarda, ka bayyana min da Hausa yadda yake toshe man. Ko kaɗan ne, in haddace.

Sa'a

*

Park Hill
14 ga Nuwamba

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Allah ya sauki Humaira lafiya. Na gode da yafiya, ban cancance ta ba.

Kwana uku ina zaune da biro. Sati biyu littattafan nan suka yi a ɗakina, kowane shafi na buɗe shi, amma sunan Allah kawai idona yake nema, ban tsaya a kan sauran ba. Ina tsammanin akwai wani abu kamar ƙwallo. Ko a ciki yake ko a waje, ko shi ne ma abin, ban sani ba.

Duk duniya ba wanda ya kai mu kusa da shi, ni da ke. Ki kira Ray.

Ga takardar nan na haɗo miki. Da'ira ɗaya kawai na iya zanawa.

Yayanki,
Abdul-Karim